Sau Ɗaya Na Tambayi Yaya Ilu

Wanda ya sayar mini da bizar Ƙatar a Kano ya rantse da Allah cewa aiki yana jirana, har ya kwatanta mini teburin da zan zauna, wai kusa da taga yake. Da na sauka Doha na bi adireshin, sai na tarar kamfanin allo ne kawai a jikin wani tsohon bene, ƙofa a garƙame. Mai gadin benen, wani dattijo Basudane, ya dubi kwat ɗina da jakar takarduna, ya girgiza kai, ya ba ni ruwan sanyi. Da Larabcina na Islamiyya da Turancinsa na kasuwa muka fahimci juna. Ba ni ne na fara zuwa neman wannan ƙofa ba, kuma shi bai taɓa ganin an buɗe ta ba.

Kafil ɗina, wato mutumin da izinin zamana a ƙasar yake hannunsa, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Muryarsa kawai na sani a waya, ita ma sai in lokacin karɓar kuɗi ya yi. A wancan lokacin ba ka isa ka kama aiki a wani wuri ba sai ya sa hannu ya sake ka. Ni Nasiru da na baro Rano ina taƙamar ni akanta ne mai digiri, na wayi gari kamar akuyar da aka ɗaure a kasuwa mai ita ya manta da ita.

A Muntaza na sauka, unguwar masu ƙaramin ƙarfi, na kama hayar gado. Ba ɗaki ba, gado, shi ma na sama. Mai gadon ƙasa wani ɗan Nepal ne mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ba ma jin yaren juna, amma ya lura ba na cin komai sai shayi da burodi, sai ya riƙa ajiye mini shinkafa da miyar wake a kan akwatina ya fice kafin in yi godiya. Kullum da safe in sa kwat in zaga ofisoshi, gumi yana bin bayana har cikin takalmi. Da yamma in kira Inna in ce mata aiki sai godiya. Ita kuwa ta yi ta sa mini albarka, ta ce gonar da aka sayar aka yi mini biza ba ta tafi a banza ba. Ba da gori take faɗa ba, amma in na kashe waya sai in juya fuskata bango.

Wata azahar ina fitowa daga masallacin unguwa na zura ƙafa cikin takalmina da ya sha rana, ya ƙona ni. Ban san lokacin da na ce, "Kai! Wannan gari ne ko gidan burodi?" ba.

"Ai ba ka ga komai ba," in ji wata murya a bayana. "Bari watan gobe ya kama."

Na juya kamar an kira sunana. Rabona da jin Hausa a bakin mutum, ba a waya ba, har na manta. Wani dogon mutum ne da rigar ma'aikatan titi mai ƙyalli rataye a kafaɗa, ga shatin hular kwano a goshinsa. Injiniya Iliyasu ke nan, mutumin Funtuwa, wanda kowa yake ce wa Yaya Ilu, har da waɗanda suka girme shi. Lokacin zafi doka ta hana aikin waje da tsakar rana, shi ya sa yake dawowa unguwa ya yi azahar.

"Ya aiki?" ya ce, bayan mun gaisa.

"Alhamdu lillahi."

"Madalla. A wane ɓangaren ake yin aikin?"

"To, muna nan dai cikin gari."

"Cikin gari ai da faɗi," ya ce yana murmushi. Ya bar maganar, ya tambaye ni mutanen gida, ya ja ni bakin wani kanti muka sha shayin karak a tsaye. Sai da na kusa shanyewa ya ce, yana kallon motocin da ke wucewa, "Ƙanena, yaushe rabonka da albashi?"

Na buɗe baki zan sake cewa alhamdu lillahi, hawaye ya riga ni.

Bai rarrashe ni ba, bai kuma yi mini alkawarin komai ba. Bayan 'yan kwanaki na je wurin mai karɓar haya in roƙe shi ya ƙara mini haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, khalas, an biya." Na je kantin unguwa, mai kanti ya ce in ɗauki shinkafa da mai da ƙwai, akwai wanda ya tsaya mini. Na tambayi Yaya Ilu, ya ce shi bai san zancen ba, ya ma tambaye ni ko na kalli ƙwallon jiya.

Daga baya na gane yadda abin yake. Baƙo a ƙasar nan in ya rasa aiki ba wata hukuma da take ba shi na cefane har ya samu wani, sai kuɗin sallama kawai daga inda ya bari. Shi ya sa Hausawan da suka riga mu zuwa, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, suka kafa asusu, kowa yana zuba abin da ya sawwaƙa duk wata. Dattawa uku ne suke riƙe da shi, Yaya Ilu na cikinsu. Ba a nema, ba a kiran sunan kowa. Ido kawai suke sawa. Duk wanda aka ga ya cika yin azahar a unguwa ranar aiki, ko matarsa ta daina zuwa suna, sai ɗayansu ya bi shi da tambaya a hankali, ta nan, ta can, har ya gane halin da ake ciki. Daga nan sai a biya mai gida da mai kanti da makarantar yara kai tsaye. Wanda aka taimaka ba ya sanin wa zai gode wa, saboda haka ba ya sunkuyar da kai a gaban kowa.

Ranar Juma'a gidansa nake zuwa. Matarsa, Anti Binta, takan yi tuwon shinkafa da miyar kuka, da daddawar da matafiya suke kawo mata daga gida, in ci har in ji kunya. 'Yarsu ɗaya tak, Asma'u, ana ce mata Ma'u, lokacin tana firamare, ga baki. Takan gyara mini Turanci, ta ce ina faɗin kalmomi kamar ina faɗa da su. Ta ce ita mai haɗa magunguna za ta zama, kuma in na zo kantinta ba za ta ba ni bashi ba.

"Ka ga yarinyar nan?" Yaya Ilu yakan ce mini. "Ita ta riƙe ni a ƙasar nan. Ranar da ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe ta sakandare, washegari ina cikin jirgi. Kafin nan ko rana za ta narkar da ni, ina nan daram."

Shi ya haɗa ni da wani mai sayar da kayan gyaran motoci da yake neman mai riƙe masa lissafi. Kafil ya ce ba zai sake ni ba sai an ba shi na goro, aka ba shi, har yau ban san daga aljihun wa ya fito ba. Shekaru suka tafi. Aka sauya dokar ƙwadago, aka ce ma'aikaci yana iya barin wannan aiki ya kama wancan ba sai kafil ya sa hannu ba. Ranar da muka ji, samarinmu sai da suka taka rawa. Ni ma ban yi wata-wata ba na tsallaka zuwa wani kamfani mai ofis a Mushairib, cikin sabbin benayen nan masu farin dutse. Na je gida na yi aure, na kawo Hadiza, muka kama gida a Aziziya. Azahar ɗina ta koma masallacin ofis, tuwon Juma'a ya koma gidana. Yaya Ilu yana nan Muntaza a gidansa na da, muna gaisawa a waya da wurin suna.

Sai aka yi abin da ya ɓata asusun. Wani ɗan'uwanmu, ba zan faɗi sunansa ba don har yanzu muna gaisawa, aka sallame shi, dattawa suka ɗauke masa haya da cefane. Ashe ba a jima ba ya samu aikin dare a wani otal. Bai gaya wa kowa ba. Kullum azahar yana sahun farko a Muntaza, ya marairaice fuska, ya idar da sallah ya daɗe yana lazimi. Ya kwashe watanni yana cin biyu, sai da ya sa hoton sabon gidan da ya rufe da kwano a garinsu a intanet sannan asiri ya tonu.

Raina ya ɓaci fiye da na kowa. Tun daga kan mai biza na tsani macuci, kuma aikina ya koya mini in tsani kuɗin da ba a san inda ya shiga ba. Na zauna na karanta yadda wasu ƙasashe suke biyan wanda ya rasa aiki, na ga duk inda aka yi abin da tsari mutum ne yake zuwa da ƙafarsa ya nema. Na rubuta sabbin ƙa'idoji na kai taron da aka kira a falon Dokta Sabo, likitan ƙashi, shugabanmu. Na ce daga yanzu a kafa kwamiti, duk wanda ya rasa aiki ya zo gaban kwamiti ya faɗa da bakinsa, ya nuna shaidar sallama. Wanda ya ajiye aiki don kansa ba shi da rabo. Taimako kuma a yanke masa wa'adi, ba sai abin da hali ya yi ba. Matasa suka yi ta gyaɗa kai.

Yaya Ilu ya bari na gama, sannan ya ce, "Nasiru, tsarinka ya yi kyau, ba ƙarya. Amma faɗa mini, wane magidanci ne zai tsaya a gaban ƙannensa ya ce an kore ni, ba ni da na haya?"

"Yaya, ai zamani ya sauya," na ce. "Yanzu ba kafil ɗin da zai riƙe mutum. Wanda aka sallama yau, gobe yana iya kama wani aikin. Wanda kuma yunwa ta kama da gaske, bakinsa zai buɗe."

Aka yi dariya. Ya dube ni kamar zai faɗi wani abu, ya fasa. Na san abin da ya haɗiye, shi ma ya san na sani. Da ya faɗa a falon nan da ya gama da ni, amma ba halinsa ba ne. Aka ɗaga hannu, muka yi rinjaye, aka naɗa ni ma'aji. Da za a tashi shi ya fara zuwa ya miƙa mini hannu ya ce Allah ya taya ni riƙo. Na koma gida ina jin kaina, na ce wa Hadiza yau na shigo da Hausawan Doha cikin ƙarni.

Bayan an gama gasar ƙwallon duniya da aka yi ta gine-gine dominta, ayyukan titi da na benaye suka ja baya. Kamfanoni suka fara rage mutane. Samari da dama suka zo gaban kwamiti, suka faɗi matsalarsu ba tare da ko ƙifta ido ba, aka ɗauke musu nauyi, wasu suka samu aiki, wasu suka koma gida da mutuncinsu. Ba wanda ya ƙara cutar asusu. Duk wanda ya yaba mini sai in ce Allah ne, amma a zuciyata na san ni nake nufi.

A wannan shekarar ce Ma'u ta shiga ajin ƙarshe. Makarantar kuɗi take yi, mai jarrabawar da ake kawowa daga waje, wadda ake yi wa ɗalibi rajistarta watanni kafin a zauna. Na sani sarai, don Anti Binta ta gaya wa Hadiza a wurin wani suna cewa saura ƙiris su huta.

Wata safiya da hantsi, ranar aiki, na fito daga banki zan koma ofis, na bi ta tashar jirgin ƙasa ta Mushairib don in sha sanyi. A kan wani benci kusa da matakala na hango Yaya Ilu. Yana sanye da kwat, abin da ban taɓa ganinsa da shi ba, wuyan ya yi masa yawa. Ga jakar takardu ta roba a cinyarsa, irin wadda na yi yawo da ita a shekarata ta farko. Goshinsa sumul, ba shatin hular kwano. Jirage suna zuwa suna tafiya, shi bai motsa ba.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane tun kafin in ƙarasa wurinsa.

"Yaya! Kai ne a unguwarmu?"

Ya miƙe da sauri, fuskarsa ta washe. "A'a, Nasiru! Ikon Allah. Ya Hadiza, ya yaro?"

"Lafiya lau. Ya Anti, ya mutuniyata? Jarrabawa ta matso ko?"

"Ta matso."

"Ya aiki, Yaya? Lafiya dai na gan ka a nan da hantsi?"

"Alhamdu lillahi," ya ce.

Bai saki hannuna ba. Ga mai shayi nan a saman matakala, in da na ce mu hau mu sha karak da ya bi ni. A daidai nan wayata ta yi ƙara, manajana ne, wani Balabanone mai gaggawa, yana cewa yalla, yalla, ana jirana. Na zare hannuna na ce, "Yaya, bari in ruga, zan kira ka." Ya ce, "Je ka, je ka, kada a yi maka faɗa." Na hau matakala ban waiwaya ba.

Manajan zai iya jira, ba gobara ake yi ba. Abin da ya sa na gudu daban ne. In na sake tambaya ya faɗa mini, to sai in ce masa me? Ya zo gaban kwamiti? Mutumin da ya share mini hawaye a bakin kanti, in sa shi ya tsaya a falon Dokta Sabo yana nuna wa yara takardar kora? In kuma na zagaya na biya masa a ɓoye daga asusu, ni ne na fara karya dokar da na yi ta kumfar baki a kanta. Aljihuna kuwa, lokacin na sa kaina gini a gida, ina ganin ba ni da rara. Sai na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi. Na ce ai ya ce alhamdu lillahi. Na ce ai ko watan jiya ya zuba nasa kason. Na ce in da matsala ya san hanya, tare aka ɗaga hannu. Duk Bahaushe ya san alhamdu lillahin farko gaisuwa ce kawai, ni ma na sani, amma na karɓe ta kamar Bature.

Ban kira ba. Kullum in ce gobe. In na ɗauki waya na ga sunansa sai in ajiye. Haka makonni suka wuce ina sallah ina cin abinci, abin yana zaune a ƙirjina.

Wata Asabar ina zaune a falo Hadiza ta shigo da waya a hannu, idonta ja.

"Abban Hanif, Anti Binta ce ta kira. Wai ko ina son firjinta da manyan tukwanenta, za ta ba ni kyauta."

"Sabbi za ta saya?"

"Tafiya za su yi. Gida, gaba ɗaya. Kamfanin Yaya Ilu ya rufe tun kafin azumi, ko kuɗin sallama ba a ba su ba, maganar tana gaban hukuma. Gwal ɗinta ta sayar suka biya haya." Ta tsaya tana kallona. "Kai ba ka sani ba?"

Na kawar da kai.

"Ka sani," ta ce. "Wallahi ka sani. Mutumin da ka ce mini shi ne ubanka a ƙasar nan? Me ka yi da ka sani?"

"Na tambaye shi, ya ce alhamdu lillahi."

"Sau nawa ka tambaya?"

Ba ta jira amsa ba. Ta shige kicin, na ji tana jera kwanuka da ƙarfi.

A ranar na kira taron gaggawa. Na ce wa kwamiti akwai wani babba a cikinmu da yake cikin matsi, a ba ni izini in biya masa haya da kuɗin makaranta ba tare da ya zo ba. Wani matashi mai aikin gas, wanda ya fi kowa mara mini baya lokacin da na kawo ƙa'idojin, ya ce, "Ma'aji, ai rul ɗin a fili yake. Mu da muka zo muka tsaya a nan muka faɗi namu, mu ba mu da kunya ne?" Dokta Sabo ya ce, "Nasiru, kai ka rubuta, mu hannu kawai muka ɗaga. In za a karya, sai mun san don wa." Na yi ta kewaye-kewaye, suka ƙi. Daga ƙarshe na faɗi sunan. Dokta ya cire gilashinsa ya ce inna lillahi, nan take aka amince, har da masu ƙarawa daga aljihunsu. Na fito ina jin na yi abin kirki, ban tuna kowane ɗan kwamiti yana da mata da waya ba.

Washegari da safe na tafi Muntaza. Rabona da hawa benen nan har na manta matakalar da ta karye. Ƙofa a buɗe take, falo cike da kwalaye, an cire labule, an jingina katifu da bango. Anti Binta ta amsa gaisuwata da fara'arta ta kullum, ta ba ni haƙurin ba wurin zama, ta shige ciki. Yaya Ilu yana durƙushe yana ɗaure wani kwali da igiya. Ya nuna mini wani na zauna a kai.

Na yi bayani ina in'ina. Na ce asusu ya ɗauki haya da makaranta har Ma'u ta gama, ba sai ya je gaban kowa ba. Na ajiye ambulan a gefensa.

Bai taɓa ta ba. Ya ce, "Su wa suka sani?"

"Kwamiti ne kawai, Yaya."

"Tun jiya da yamma wayata take ƙara. Ana yi mini jaje kamar an yi mini mutuwa. Har wani yaro da na samar wa aiki ya ce in turo masa takarduna zai duba mini." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Na gode, ƙanena. Ka mayar. Akwai masu ƙananan yara."

"Yaya, don Allah. Ba don kai ba, don Ma'u. Wata nawa ya rage? Ka bari ta zauna jarrabawar nan, in ya so ku tafi."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da katifa. Sai a lokacin na ga yadda ya rame.

"An rufe rajista, Nasiru. Makaranta ba ta sa sunan ɗalibin da ake bin iyayensa. Na roƙe su, suka ƙara mini kwanaki, suka wuce. Sai baɗi, ni kuwa iƙamata, takardar izinin zamana, ba za ta kai baɗi ba. A Funtuwa karatun daban ne, sai ta koma baya da aji ɗaya, in an yi sa'a."

"Yaushe aka rufe?"

Ya yi kamar ba zai faɗa ba. "Ƙarshen makon da muka haɗu a tasha. Daga makarantar nake ranar, na zauna ina tunanin wa zan iya gaya wa. Da na hango ka na ce Allah ya kawo mini ƙanena." Ya yi ɗan murmushi. "Na ce a raina, in ya sake tambaya zan faɗa masa. Maganar tana bakina. Sai wayarka ta yi ƙara."

Na so ya zage ni. Da ya ɗaga murya, da ya tuna mini gadon sama da mai kanti, da na samu abin riƙewa. Sai ya dafa gwiwata ya ce kada in sa wa raina damuwa, shi ma da ya buɗe baki, girman kai ne irin namu, kuma komai da lokacinsa. Yana rarrashina, ni da na zo taimako. Na kasa ɗaga kai, ina ta kallon igiyar da ke ƙasa.

Ma'u ta fito daga ɗaki rungume da wani kwali. Ta yi tsawo, ta kusa kamo babanta. Ta durƙusa ta gaishe ni.

"Baffa Nasiru, ina kwana? Ya su Hanif?"

Na amsa da ƙyar.

"Baffa, littattafaina ne na ajin ƙarshe. A gida ba su ake karantawa ba, kuma suna da tsada. Ko ka san wanda 'yarsa za ta rubuta baɗi? Duk na yi musu alama a wuraren da aka fi tambaya."

Na ce zan nemo. Ta ajiye kwalin a gabana ta koma taya mamanta.

Na ɗauko na saman na buɗe, don in samu inda zan sa idona. A shafin farko ta bi sunanta da rula ta soke shi da layi ɗaya, tsaf, ta bar wuri a ƙasa inda wata za ta rubuta nata.